Babi na Bakwai: Inda Mota Ke Kwana

A watan Oktoban 2021 kamfanin Hertz, ɗaya daga cikin manyan masu ba da hayar mota a Amurka, ya ba da sanarwar zai sayi motocin Tesla guda 100,000. A ranar ce darajar Tesla a kasuwar hannun jari ta haye dala tiriliyan ɗaya karo na farko. Masu sharhi suka ce ai magana ta ƙare, tunda mai ba da haya, wanda ba ya wasa da lissafin kwabo, ya amince da motar lantarki, saura kowa ya biyo baya. Ba a cika shekara biyu da rabi ba, a Janairun 2024, Hertz ɗin ya dawo ya ce zai sayar da 20,000 daga cikin motocinsa na lantarki, wajen kashi ɗaya cikin uku ke nan, ya zuba wani ɓangare na kuɗin a motocin fetur. Ya rubuta asarar dala miliyan 245. Da watan Maris ya zagayo, shugaban kamfanin, Stephen Scherr, ya ajiye aiki.

Masu ƙin motar lantarki sun daɗe suna yawo da wannan labari, a wurinsu hujja ta gama tabbata. Sai dai a shekarar nan da Hertz ke neman kai da nasa motocin, kashi 88.9 cikin ɗari na sabbin motocin da aka saya a ƙasar Norwe masu lantarki ne zalla, kuma Tesla ce ta fi kowace mota cin kasuwa a can. Kamfani ɗaya ya ƙera waɗanda suka zame wa Hertz kaya da waɗanda mutanen Oslo ke rububi. Ashe laifin ba a jikin ƙarfen yake ba.

Abin da ya karya Hertz kashi uku ne. Mai ba da haya ba ya riƙe mota har ta tsufa. Yakan yi aiki da ita shekara ɗaya ko biyu ya sayar, ribarsa tana rataye da farashin da za ta yi a lokacin. A farkon 2023 Tesla ta zaftare farashin sabbin motocinta, wata har da kashi 20 cikin ɗari, sai darajar na hannu ta bi ta rufta. Ga kuma gyara: idan aka buge motar, kayan gyaranta na da tsada, garejin da ya iya ta kaɗan ne, sai ta yi makonni tana jiran layi ba ta kawo ko sisi. Na ukun shi ne ya fi shafar mu a wannan babi, wato mai karɓar hayar kansa.

Babu wanda motar lantarki ke wahalarwa kamar baƙo. Ya sauka daga jirgi a gajiye, an miƙa masa mota da bai taɓa tuƙa irinta ba, a garin da bai sani ba. Otal ɗin da zai kwana ba lallai a sami wurin caji ba. Cajojin kan titi na kamfanoni ne daban-daban, kowanne da manhajarsa da za a sauke a waya a yi rajista a saka katin banki, wani lokacin ma katin ƙasar waje ya ƙi shiga. Ranar mayar da mota kuma akwai sharaɗi: kamfanoni da dama na cewa a dawo da ita da caji mai kauri, kashi 70 ko sama, in ba haka ba a biya tara. Mutumin da da zai tsaya gidan mai minti biyar a hanyarsa ta zuwa filin jirgi, yanzu sai ya ware rabin awa ko fiye, yana kallon agogo yana kallon allon caja. Tarayyar Turai ta gane wannan matsala ta biyan kuɗi, shi ya sa tun Afrilun 2024 ta wajabta wa duk sabuwar caja mai sauri ta karɓi katin banki kai tsaye ba sai da manhaja ba. Gyara ne mai kyau, amma bai taɓa tushen abin ba.

Tushen yana cikin lissafin caji. Batirin mota matsakaiciya yana ɗaukar wutar da ta kai yunit 60, irin yunit ɗin nan da mitar gida ke ƙirgawa. Idan aka jona ta a soket na bango, za ta kwana ta wuni har ta ƙara da wasu awoyi kafin ta cika. Idan an kafa mata cajar gida mai ƙarfin kilowat 7, awa takwas zuwa tara sun isa, daidai tsawon barcin mai ita. Caja mai sauri ta bakin babbar hanya kuwa takan ɗaga batir daga kashi 10 zuwa 80 a cikin minti 20 zuwa 40. Daga 80 ɗin ne abin ke komawa tafiyar hawainiya, domin batir kamar masallacin Juma'a yake: waɗanda suka zo da wuri nan da nan suke samun wuri, na ƙarshe kuwa sai sun bi sahu-sahu suna neman kafa. Wanda ya saba ba ya jiran cikon, yakan zare ya kama hanya. Baƙo ne ke zama har sai ya ga ɗari, domin haka ya saba da tankin fetur.

Mai motar da ke da cajar gida kusan ba ruwansa da duk wannan. Yana dawowa da yamma ya jona, da safe ya tarar da ita a cike. Cajar titi ba ta shiga rayuwarsa sai ranar doguwar tafiya. Ɗan haya kuwa kullum a ranar doguwar tafiyar yake. Don haka wanda ya yi hayar motar lantarki mako guda ya ce ya gane yadda mallakarta take, mafi munin fuskarta kawai ya gani.

Gwajin da ake yi a wurin dillali shi kuma mafi kyawun fuskar yake nunawa, kuma a ganina ya fi haya yaudara. Ka taka totur, motar ta zabura ba jira, domin injin lantarki yana ba da ƙarfinsa gaba ɗaya tun daga tsaye, ba sauya giya. Babu ƙara, babu karkarwa. Ka ɗaga ƙafa, ta rage gudu da kanta tana mayar da wutar cikin batir, har a cikin gari ka manta da birki. Mutum kan sauko daga irin wannan zagaye yana jin tsohuwar motarsa ta zama tarakta. Duk gaskiya ne. Amma zagayen minti ashirin a titunan gari ne, wurin da motar lantarki ta fi ƙwarewa. Saɓanin motar fetur, ita a babbar hanya take shan wuta. Gudun kilomita 120 a awa yana cinye batir fiye da cunkoson kasuwa nesa ba kusa ba. Nisan da aka rubuta a takarda ma ya danganta da wanda ya auna. Awon Amurka, EPA, shi ya fi tsauri. Na Turai, WLTP, yana tsakiya. Na ƙasar Sin, CLTC, shi ya fi sakin hannu. Mota ɗaya za ta fito da lambobi uku a ƙasashe uku. Mai hankali idan ya je gwaji ba nisan da allo ya yi alkawari yake duba ba, yakan duba yunit nawa ta ci a kilomita ɗari, ya kuma roƙi a bar masa ita ta kwana a gidansa.

Mutanen Norwe ba su yarda da takarda ba. Sau biyu a shekara, da rani da kuma tsakiyar hunturu, ƙungiyar masu motoci ta ƙasar, NAF, da mujallar Motor sukan jera sabbin motoci daga Oslo su nufi arewa, su hau duwatsu, a yi ta tafiya har kowace ta mutu a gefen hanya, a rubuta inda ta tsaya. A gwajin hunturu yawancinsu kan gaza abin da aka rubuta musu da kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari, domin sanyi na sanyaya wa batir gwiwa, ɗumama cikin mota kuma daga jikinsa ake cira. Ƙasar da ta fi kowa sanin wannan rauni ita ce ta fi kowa sayen motar. Dalilin ya faro ne da wata 'yar rigima.

A 1989 Morten Harket, mawaƙin ƙungiyar a-ha, da Frederic Hauge na ƙungiyar kare muhalli ta Bellona suka shigo da wata ƙaramar Fiat Panda da aka mayar ta lantarki, wadda ba ta wuce kilomita 45 a caji ɗaya. Suka riƙa ratsa shingen karɓar kuɗin hanya na Oslo ba su biya, tara ta zo su ƙi biya. Hukuma ta kama motar ta yi gwanjonta, ba wanda ya taya, su sake saye su koma ruwa. Aka yi ta haka har gwamnati ta gaji. A 1990 aka cire wa motar lantarki harajin rajista, a 1997 aka yafe mata kuɗin hanya, a 1999 aka ba ta fakin kyauta a filayen hukuma, a 2001 aka ɗauke mata harajin VAT, a 2005 aka bar ta ta bi layin bas a duk faɗin ƙasar. A ƙasar da haraji kan kusan ninka farashin babbar motar fetur, wannan ba ƙaramin rangwame ba ne. Norwe ba ta hana kowa sayen motar fetur ba, ta dai sa sayenta ya zama wauta a lissafi. Ga wutar ƙasar kusan kashi 90 cikin ɗari daga madatsun ruwa take zuwa, ga yawancin mutane na da filin ajiye mota a gida, waɗanda ke gidajen bene kuma doka ta ba su haƙƙin neman a kafa musu caja. Da watan Satumban 2024 ya zo, motocin lantarki da ke kan titunan ƙasar sun zarce na fetur yawa, ko da yake masu shan dizal na gaba har lokacin.

Kada a manta da aljihun da ya ɗauki nauyin. Norwe ƙasar mai ce da iskar gas, tana sayar wa duniya abin da take yaye 'ya'yanta daga gare shi, kuɗin kuma ya ba ta sararin yafe haraji shekara da shekaru. Ita ma ta fara janye hannu: a 2023 aka fara biyan VAT a kan duk abin da ya haura kurona 500,000 a farashin mota. Masu cewa kowace ƙasa ta kwaikwayi Norwe sukan tsallake wannan sakin layi.

A Birtaniya bambancin bai tsaya tsakanin ƙasa da ƙasa ba, ya shiga tsakanin maƙwabci da maƙwabci. Wutar gida harajinta kashi 5 ne, ta cajar titi kashi 20. Mai fili a ƙofar gida yana caji da tsakar dare a farashi mai rahusa, wanda ke haya a bene ko gidan da ƙofarsa ke bakin titi kuwa zai iya biyan ninki da yawa a kan yunit ɗin nan guda. Galibi mai ƙaramin ƙarfi ne ke biyan mai tsadar. Amurka ita ma tata tafiyar ba ta miƙe ba: rangwamen haraji na dala 7,500 da gwamnatin tarayya ke bai wa mai saye ya ƙare a ƙarshen Satumban 2025.

Ƙasar Sin ta bi wata hanya dabam. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou sayen kaya sun sha shiga motar lantarki ko ba su lura ba, domin yawancin tasi da motocin da ake kira ta waya masu koriyar lamba ne, alamar da ake gane su da ita. Tuƙawa da kai ne ke da wuya ga baƙo, saboda Sin ba ta karɓar lasin ƙasa da ƙasa, sai an nemi izini na wucin gadi. Ga ɗan ƙasa kuwa lambar ce maganar. A Shanghai gwanjon lambar motar fetur ake yi, farashinta kan kai yuwan 90,000, ba kuma kowa ke samu ba. Koriyar lamba ta motar lantarki kyauta ake bayarwa ga wanda ya cika sharuɗɗa. A 2024 ana sayar da ƙaramar motar BYD mai suna Seagull a kan yuwan 69,800. Lambar motar fetur a Shanghai ta fi wannan motar sukutum tsada. BYD ɗin ma da batir ya fara a Shenzhen a 1995, bai shiga ƙera mota ba sai 2003, ya kuma daina ƙera masu shan fetur zalla a 2022. Birnin Shenzhen ya gama mayar da bas-bas ɗinsa sama da 16,000 na lantarki tun ƙarshen 2017. Matsalar mazauna bene kuwa, cajojin jama'a sun yi yawan da babu ƙasar da ta kama ƙafarsu, kamfanin NIO kuma ya kafa tashoshi sama da 3,000 inda mota ke shiga a zare mata batir a sa cikakke a cikin 'yan mintuna. Arahar motocin ce ta tsorata wasu: a 2024 Amurka ta ɗora musu kuɗin fito na kashi 100 cikin ɗari, Tarayyar Turai ta ƙara nata har zuwa kashi 35.3 a kan 10 na da. Kayan da aka rufe wa ƙofa a can, wata ƙofar za su nema, Afirka na cikin inda suka dosa.

Habasha ce ta buɗe tata da ƙarfi. A farkon 2024 ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal, ita ce ta farko a duniya da ta yi haka. Ba son muhalli ne kan gaba ba, ƙarancin dala ne: ƙasar na kashe biliyoyin daloli kowace shekara wajen sayo mai, alhali tana da wutar ruwa mai araha, ga babbar madatsar kogin Nilu mai ƙarfin megawat 5,150 da aka ƙaddamar a Satumban 2025. Lissafin gwamnati ya fita. Na direba ne bai gama fita ba, domin dokar ta riga cajoji da makanikai da kayan gyara isowa, wajen Adis Ababa kuma wurin caji sai an tona. Mai gida da mita a babban birni ya ci riba, mai zirga-zirga tsakanin garuruwa yana ta maza.

A Najeriya tambayar ta taso da gaske ne bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haye 1,000 kafin ƙarshen 2024. Kafin nan an ɗan taɓa. A 2020 kamfanin Stallion ya fito da Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas. A 2021 hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwaton nan da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Lokacin mai na da araha, mutane suka kalla suka wuce.

Yanzu a yi lissafi. Mota mai cin yunit 17 a kilomita ɗari, a farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sa wa 'yan rukunin Band A a Afrilun 2024, za ta ci naira 3,825. Mai shan lita 8 a wannan nisa, a naira 1,000, za ta ci 8,000. Ƙasa da rabi ke nan, ga babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Band A alkawarin wutar awa 20 ne a rana, unguwa nawa ke ganin haka? Wanda ya ce zai cike giɓin da janareta ya koma gidan jiya, domin ƙaramin janareta da ƙyar yake fitar da yunit 2 daga lita guda. Yunit 17 ɗin za su ci masa lita takwas ko fiye, ga hayaƙi ga ƙara a tsakar gida. Sola ta fi ma'ana a arewa, inda faranti mai kilowat ɗaya ke ba da yunit 4 zuwa 5 a wuni. Sai dai rana da rana take, a daidai lokacin da motar ke ofis ko kasuwa. Ko dai a kafa farantan a wurin aiki, ko a sayi wani batirin na gida da zai tara wutar ya jira dare, kuɗi a kan kuɗi. Tafiyar Kano zuwa Abuja kuwa, kilomita sama da 400 a guje da na'urar sanyaya mota a kunne, ta fi ƙarfin yawancin motocin da talaka ko matsakaici zai iya saye, in ba a sami caja mai sauri a Kaduna ba.

Shi ya sa nake ganin ba motar gida ce za ta fara kafuwa a nan ba. Abin da ke bin hanya ɗaya kullum ya koma tasha ɗaya ya kwana shi ne ya dace: bas na cikin gari, Keke Napep, babur ɗin haya. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya fara ne da cire injin ƙananan bas yana sa musu batir, ana cajinsu da sola a wuri guda. A Ruwanda da Kenya da Benin masu acaɓa na shiga tasha su ajiye batirin da ya ƙare su ɗauki cikakke, ba su jira.

Wanda duk da haka ya ƙudura sayen tasa, kusan tabbas ta hannu zai saya, kamar yadda aka saba. A nan akwai tarkuna da dillalan Kwatano da na Legas ba su saba bayani a kansu ba. Bakin caji ba ɗaya ba ne: ta Turai CCS2 take ɗauka, ta Sin GB/T, tsofaffin na Jafan CHAdeMO, ta Amurka CCS1 ko bakin Tesla. Mota na iya tsayawa a gaban caja lafiyayya ta kasa sha sai da mahaɗi. Sai zafi. Nissan Leaf ta farko, wadda ta fito a ƙarshen 2010, ba ta da ruwan sanyaya batir, kuma a 2012 masu ita a jihar Arizona suka yi ta ƙorafin batirinsu na tsufa da wuri, har kamfanin ya ƙara garanti a kan hakan. Zafin Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu bai bar na Arizona da nisa ba. A allon Leaf akwai layuka 12 da ke nuna lafiyar batir, na farko kan ɓace idan kusan kashi 15 cikin ɗari na ƙarfinsa ya tafi. Sauran motoci kuwa sai an jona musu na'ura ta karanto. Garantin batir da aka saba bayarwa shekara 8 ne ko kilomita 160,000, kuma da wuya ya biyo mota ta ƙetare teku.

Mafi hatsari su ne motocin gwanjon inshora na Amurka, waɗanda 'yan kasuwa ke sayowa da araha a gyara a nan. Motar fetur da ambaliya ta shanye takan tashi bayan an wanke an sauya wayoyi. Batirin da ruwan gishiri ya shiga kuwa yana iya kamawa da wuta bayan kwanaki ko makonni, kamar yadda aka gani a Florida bayan guguwar Ian a 2022, kuma wuta ce da ke cin ruwa mai yawan gaske kafin ta mutu, ta kan ma sake tashi. Lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17 tana nuna tarihinta a rumbunan bayanan Amurka, har da ko an taɓa rubuta ta a matsayin wadda ruwa ya ci. Binciken ba ya wuce 'yan daloli, kuma kafin a biya kuɗin jirgi ake yin sa.